Zaɓen Takalmin Bazara: A Tambayi Ƙafa Kafin A Tambayi Ido

Da zarar hunturu ya yi sallama a ƙarshen watan Fabrairu sai bazara ta kankama, kuma daga nan har faɗuwar ruwan farko babu abin da jama'a ke nema irin inuwa da ruwan sanyi. A garuruwa kamar Yola da Maiduguri da Sakkwato, zafi yakan haura digiri 40 cikin watannin Maris da Afrilu, har mutum ya riƙa jin ƙunar kwalta ta cikin takalminsa. A daidai wannan lokaci ne kuma bikin Ista ke faɗowa, tun da yake ba ya wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, ga kuma bukukuwan aure da ake gaggautawa kafin damina ta tsare mutane a gona. Wannan ne ya sa kasuwar takalma ke ci sosai a 'yan watannin nan, maza da mata, yara da manya, kowa yana neman abin da zai sa ƙafarsa ta sha iska, ya kuma fito fes a cikin jama'a.

To, sai dai abin da muka lura da shi shi ne, da yawa daga cikinmu ido ne ke yi mana sayayya. Mace za ta ga takalmi a ƙafar wata a wurin biki, ya yi mata kyau, washegari ta nufi kasuwa neman irinsa, ba tare da ta tsaya ta duba ko ƙafarta da ta waccan iri ɗaya ce ba. Bayan mako biyu sai ka tarar da takalmin a ƙarƙashin gado, ita kuwa tana ɗingishi da bororo a dunduniya, kuɗi kuma sun tafi. A wannan zamani da kowace naira sai an yi gumi kafin a same ta, irin wannan asara ba ƙarama ba ce. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu tattauna da masu karatu a kan yadda mutum zai zaɓi takalmin yau da kullum wanda zai karɓe shi, ya yi daidai da ra'ayinsa, kuma ƙafarsa ta gode masa.

ABIN DA ƘAFA KE FAMA DA SHI

Bari mu fara da ita kanta ƙafar. Masana aikin jiki sun bayyana cewa kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma a ƙafafu biyun nan akwai ƙananan kafofin fitar da gumi kimanin 250,000. Ke nan idan aka kulle ƙafa cikin takalmin da iska ba ta ratsa shi tun daga safe har yamma, gumin nan ba shi da wurin zuwa. Daga nan ne wari ke farawa, sai kuma ƙaiƙayi da saɓulewar fata a tsakanin yatsu, domin ƙwayoyin cutar da ke kawo su ba su da abin so kamar wuri mai ɗumi da danshi.

Haka nan kuma ƙafa takan ɗan kumbura da zafi, musamman ga wanda ya yini a tsaye ko yana tafiya, kamar malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti da 'yar kasuwa. Mata masu juna biyu sun fi kowa sanin wannan. Saboda haka takalmin da ya zauna daram da ƙarfe takwas na safe yana iya zama azaba da ƙarfe huɗu na yamma. Bugu da ƙari, a wurin yawancin mutane ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma. Duk wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu a ransa ya riga ya san lokacin zuwa kasuwa, wato da yamma, ya kuma san cewa ƙafa biyu ake gwadawa, a saya daidai da wadda ta fi girma.

IRE-IREN TAKALMAN DA KE KASUWA

Na farko shi ne silifas mai hanci, wanda kusan babu gidan da babu shi. Irin na roba da ya cika duniya a yau ya samo siffarsa ne daga wani takalmin gargajiya na mutanen Japan mai suna zori, kuma daga gare shi ne wani kamfani a ƙasar Burazil ya kwaikwayi samfurin Havaianas a shekarar 1962. Amfaninsa a fili yake: ga araha, ga rashin nauyi, ruwa kuma ba ya ɓata shi. Amma an yi shi ne domin tsakar gida da banɗaki da ɗan aike zuwa shagon unguwa. Da yake babu abin da ke riƙe dunduniya, yatsu ne ke daddafe shi a kowane taku, kuma idan tafiya ta yi nisa sai tafin ƙafa da sha-raɓa su gaji. Ba mu ba kowa shawarar ya tuƙa mota ko ya hau babur da shi ba, domin yana iya zamewa a lokacin da ake buƙatar taka birki.

Na biyu shi ne sandal, wato buɗaɗɗen takalmi mai maɗauri a baya. A ganinmu, wanda ke da halin sayen takalmi ɗaya tak domin bazara, to wannan ya kamata ya saya. Iska tana shiga, ƙafa kuma a riƙe take, ana iya zuwa kasuwa da shi, a je ofis, a je sujada, a hau acaɓa ba tare da fargaba ba. Idan aka samu mai ƙarfen ɗauri wanda ake iya sassautawa ko a ƙara matsewa, to an dace, domin zai bi ƙafa duk yadda ta sauya a cikin yini.

Na uku shi ne wanda ake zura ƙafa kawai, mai faffaɗan maɗauri ɗaya ko biyu a sama. Wanda ya fi suna a duniya cikin irin wannan shi ne samfurin Arizona na kamfanin Birkenstock da ke Jamus, mai maɗauri biyu, wanda aka fara fitarwa a 1973. Abin da ya sa ya karɓu shi ne shimfiɗarsa, wadda aka yi mata tudu da kwari daidai da siffar tafin ƙafa. Kwaikwayonsa sun cika kasuwanninmu, wasu nagari, wasu kuwa kamannin ne kawai. Hanyar ganewa ita ce a shafa shimfiɗar da hannu, in an ji tudu a tsakiya da ɗan rami a mazaunin dunduniya, to an kama hanya.

Sai kuma kambas da sau-ciki mara nauyi, waɗanda suka fi dacewa da mai doguwar tafiya ko mai aiki a wurin ƙura da ƙaya. A nemi na yadi ko mai ƙananan huji, a kuma sa shi da siririyar safa ta auduga. Mutanen Jos da kewaye, da yake garin yana kan tudu mai tsawon mita 1,200 ko fiye, suna iya sa irin wannan kusan duk shekara ba tare da wahala ba, amma mutumin Numan ko Gashuwa sai ya yi tunani sau biyu. Akwai kuma takalmin roba mai huji-huji irin samfurin Crocs da ya fito daga Amurka a 2002, wanda matasa da ma'aikatan asibiti suka runguma. Ba shi da nauyi, wanke shi kuma ba wuya, amma roba roba ce, ba ta shan gumi.

WANE NE YA KARƁI WACE ƘAFA?

Yanzu kuma sai batun kyau, wanda shi ne ya fi damun yawancin masu saye. Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, to haka abin yake ga takalmi. Mai faffaɗar ƙafa ko mai cikar nama, siraran igiyoyi ba su yi mata adalci, domin suna nutsewa cikin fata, nama ya bulluƙo ta gefe, ƙafar ta ƙara faɗi a ido. Faffaɗan maɗauri, ko wanda ya gitta a karkace, shi ne ke tattara irin wannan ƙafa ya ba ta siffa. Mai doguwar siririyar ƙafa kuwa, igiyoyin da suka ratsa ta a gicciye suna rage mata tsawo a ido, amma takalmi mai tsinin baki ƙara mata zai yi.

Haka kuma maɗaurin da ke zagaye idon sawu yana yanke ƙafa gida biyu a idon mai kallo. Doguwar mace ba ruwanta da wannan, yana ma yi mata kyau. Amma gajeriya, ko mai kaurin ƙwauri, idan ta sa shi da siket sai ta ƙara gajarta. Abin da ya fi karɓarta shi ne takalmin da ya bar bayan ƙafa a buɗe, wanda maɗaurinsa ya tsaya a bayan dunduniya, launinsa kuma ya yi kusa da launin fatarta, domin ido ya gangara tun daga gwiwa har yatsu bai ci karo da komai ba. Wanda yatsunsa ba su jeru yadda yake so ba, ko ƙashin gindin babban yatsa ya turo waje, ba sai ya ɓoye ƙafarsa cikin zafi ba. Akwai masu rufaffen gaba da buɗaɗɗen baya, akwai kuma masu faffaɗan maɗauri mai laushi da ke rufe wurin ba tare da ya danne shi ba.

Game da tudun dunduniya, tsaka-tsaki ya fi. Takalmi mai tsini yana tura nauyin jiki gaba zuwa kan yatsu, ga shi kuma hanyoyin unguwanninmu yashi ne da duwatsu da ramuka. A ajiye shi domin ranar da za a zauna fiye da yadda za a yi tafiya. Wanda kuma yake shafal kamar faifai, mai siririn ƙasa, shi ma yana gajiyar da ƙafa, zafin ƙasa kuma yana ratsa shi. Ɗan tudu na santimita 2 zuwa 3 ya wadatar domin yawon yau da kullum. Wadda ke son ƙarin tsawo sai ta nemi irin wanda tudunsa ya cike ƙasan takalmin gaba ɗaya tun daga baya har gaba, domin ya fi mai tsini zama a ƙasa.

TAKALMI DA TUFAFI

Takalmi ba ya fita shi kaɗai, tare da tufafi ake ganinsa. Macen da ta ɗaura zane har idon sawu, gaban takalminta ne kawai ke bayyana, saboda haka a nan ya kamata adon ya kasance, ba a baya ba inda babu mai gani. Idan atamfar mai yawan zane ce da launuka, sai a ɗauki launi ɗaya daga cikinta a nemi takalmi irinsa mara hayaniya, don kada ƙafa da zane su riƙa gasa. Idan kuwa yadin fili ne, to a nan ne takalmi mai duwatsu ko mai launi ke samun damar magana. Wannan ya shafi ranakun anko da na kayan zumunta, inda kowa ke sanye da yadi iri ɗaya: takalmi yana cikin 'yan abubuwan da suka rage wa mace ta nuna nata ra'ayin.

Ga maza kuwa, kaftani ko jamfa ba su da aboki kamar takalmin fata, ko mai hanci, ko mai gicciyen maɗauri, ko mai rufaffen gaba. Baƙi da ruwan ƙasa suna shiga da kusan kowace shadda. Wando da taguwa sun fi tafiya da kambas ko sandal mai kauri. Abin lura shi ne, namijin da ya sa buɗaɗɗen takalmi ya fito da ƙafarsa fili ke nan, don haka yanke farce da goge kaushi sun zama wajibi, ba aikin mata kaɗai ba ne.

Duk da haka, waɗannan shawarwari ne, ba doka ba. Idan akwai launin da ranki ke so, 'yar'uwa, ko da ba shi ake yayi ba, matuƙar takalmin ya zauna a ƙafarki, ki saya. Yayi kan wuce cikin shekara ɗaya, amma mutum yana tare da ƙafarsa da ra'ayinsa har tsufa. Hanya mai sauƙi ta gane ra'ayin kai ita ce mutum ya duba takalman da ke ɗakinsa, ya ga wanne ne ya fi cinyewa saboda yawan sawa. Wannan shi ne ainihin zaɓinsa, sai ya nemi ɗan'uwansa.

KADA A RAINA NA GIDA

Abin mamaki ne yadda wasunmu ke ganin sai takalmin da ya tsallako teku ne takalmi, alhali sana'ar fata ta daɗe da kafuwa a ƙasar nan. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ba da labarin yadda ake ɗinka takalma a birnin ana kai su ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa, fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Har yau majema suna jima da bagaruwa, dukawa kuma suna aiki a Kano, musamman wajen Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi, haka ma a Naraguta kusa da Jos. A kudu kuma kasuwar Ariaria da ke Aba ta yi suna wajen ɗinkin takalma.

Fata ta gaskiya tana shan gumi, tana kuma sakewa a hankali har ta ɗauki siffar ƙafar mai ita, abin da roba da fatar kanti ba sa yi. Babbar riba kuma ita ce, baduku yana iya auna ƙafarka ya ɗinka maka daidai da ita, da launin da kake so, wanda hakan babban taimako ne ga mai faffaɗar ƙafa ko mai babbar lamba da kan sha wuyar samu a shago. Domin bambance fata da jabu, a duba bakin inda aka yanka: fata tana da gashi-gashi kamar zare a ciki, jabu kuwa za a ga yadi ko soso an manna masa leda a sama. Hanci ma yana taimakawa, domin ƙanshin fata daban yake da warin roba.

A WURIN SAYE

Idan an isa gaban mai takalma, kada a yarda da lamba kaɗai. A lissafin Turai da aka fi amfani da shi a nan, tazarar da ke tsakanin lamba da lamba ba ta kai santimita ɗaya ba, lamba uku ne ke yin santimita 2, kuma lamba 40 ta wannan kamfani ba lalle ta zo daidai da ta wancan ba. A sa ƙafa biyu, a miƙe tsaye, a taka 'yan taku. A rufaffen takalmi, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsa mafi tsawo. A buɗaɗɗe kuwa, kada dunduniya ta leƙo ta baya, kada yatsu su zarce ta gaba. A lanƙwasa takalmin da hannu: nagari yana lanƙwasuwa ne a daidai gindin yatsu, wanda ya naɗe a tsakiya kamar tabarma ba zai tallafi ƙafa ba. In mai kaya ya ce zai saki in an sa, a tuna cewa fata ce kaɗai ke saki, ita ma kaɗan.

Masu saye ta waya, waɗanda hoto kawai suke gani, sai su taka farar takarda, su zana ƙafarsu da biro, su auna tsawo da faɗi da santimita su aika wa mai kaya. Masu sayen gwanjo kuma su duba ƙasan dunduniya, in ya cinye ta gefe ɗaya to ya riga ya ɗauki tafiyar wani, su kuma wanke shi su shanya sosai kafin sawa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, kuma sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. Wata dabara da iyayenmu suka sani ita ce a kai sabon sandal wurin shumeka ya bi gefensa da ɗinki tun kafin a fara sawa, domin zafin bazara yana sa gam ya saki.

WAƊANDA ZA SU YI HATTARA

Akwai mutanen da zaɓen takalmi a wurinsu ya wuce batun ado. Mai ciwon sukari yana iya rasa ji a ƙafarsa sannu a hankali, har ƙaya ta soke shi ko maɗauri ya goge masa fata bai sani ba, kuma irin wannan rauni yana jinkirin warkewa, wani lokaci ma ya kai ga yanke yatsa ko ƙafa. Shawarar likitoci ga irinsu ita ce kada su yi tafiya ba takalmi ko da a cikin gida, su guji mai hanci da ke shiga tsakanin yatsu, su sa rufaffe mai laushi da yalwa, su zazzage shi kafin sawa, su kuma duba ƙafafunsu kowace rana. Tsofaffinmu kuma a saya musu mai maɗauri a baya wanda ƙasansa ba ya santsi, domin faɗuwa ɗaya tana iya kwantar da dattijo wata da watanni. Yara kuwa, kada don ana so su daɗe da takalmi a saya musu wanda ya fi su da lamba biyu ko uku, tuntuɓe kawai zai riƙa sa su.

Bayan an saya, sai kulawa. Mai hali ya riƙa sauya takalma biyu, don wanda aka sa yau ya samu yini guda ya bushe. Na fata a inuwa ake shanya shi, rana tana busar da shi ya tsage, kuma da ruwan farko ya sauka sai a ɗaga shi a koma na roba. Ita ma ƙafa a wanke ta kowane dare, a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, domin babu takalmin da zai yi kyau a kan tsagaggiyar dunduniya.

Daga ƙarshe, muna kira ga masu karatu, musamman iyaye mata da ke riƙe da cefanen gida da matasan da ke fara kashe kuɗin guminsu, da su bi abin daki-daki a bazarar nan: ƙafa ta fara amincewa, sa'an nan ido, sa'an nan aljihu. Wanda ya bi wannan tsari zai je biki ya dawo da takalminsa a ƙafa, ba a hannu ba. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, Allah ya kai mu damina lafiya.